Yau dai kifina ya fito a hoto

Wata uku ina fama da ɗaukar hoton kifayen da nake kiwo a akwatin gilashi a gidanmu na Samaru, kullum dishi-dishi suke fitowa. Jiya bayan Isha'i na goge ƙurar hunturu daga gilashin, na kashe fitilar ɗaki, na bar ta akwatin kaɗai. Filasha ma na kashe, don gilashi dawo da haskenta yake yi. Na manna bakin kyamara da gilashin sosai, ba karkata, saurin ɗauka 1/250 na daƙiƙa, ISO (wato ƙarfin jin hasken kyamara) 1600. Wallahi har ɓawon jikin ɗan kifina mai ruwan lemun nan ana gani ɗaya-ɗaya! Shuɗin fitilar ne kawai ke rine min launin murjanin da ke cikin akwatin, shi zan gyara gobe in Allah Ya kai mu.