Oga, wannan gem ɗin zai daɗe kuwa?

Jiya da daddare wajen ƙarfe tara, na gama zuba wa janareta mai kenan ina wanke hannu, sai wani yaro cikin kwastomomina na kullum ya biyo ni har bakin ƙofa da waya a hannu. Wai Oga dan Allah tsakaninka da Allah wannan gem ɗin za su ci gaba da yi masa ofdet kuwa ko in haƙura? Ofdet dai shi ne gyara da ƙarin da kamfani ke turo wa gem ta intanet. Kuɗin da ya tara tun barka da sallah yake so ya zuba ya saya wa ɗan wasansa kaya, abin nan da suke cewa sikin. Na ce masa ni ba ɗan duba ba ne amma zauna in ba ka labari. Bai zauna ba, layinsa ya zo a wasan ƙwallo ya ruga ya bar ni da baki buɗe. Toh tunda shi bai saurara ba bari in rubuta, wataƙila wani ya amfana.

Ni gidan gem gare ni. Na fara a 2016 da PS3 biyu da talabijin biyu da benci ɗaya da na aro a gidanmu, yanzu Alhamdulillah akwai PS4 huɗu da PS5 biyu da yaron shago ɗaya. Sana'ar kamar wasa ake ganinta amma lissafinta ba wasa ba ne, akwai haya, akwai mai, akwai pad da yaran nan ke murɗewa kamar da gayya duk sanda aka zura musu ƙwallo, ga kuɗin data, ga PS Plus da sai da shi za ka buga onlayin a gem ɗin da ake saya, irin su Fortnite da Warzone ne kawai na kyauta ba sa buƙatarsa. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, naira kuma ta faɗi a bayansa, duk abin da zan saya da dala sai na kwana ina juya shi a rai.

Lokacin da na fara, faifai kaya ne kamar kowane kaya. Ka saya ka sa a inji ya yi, in ka gaji da shi ka sayar ko ku yi musanya da wani mai shagon. In dai bai karce ba toh jarinka na nan. Wannan tunanin ne ya kai ni ya baro.

Akwai wani gem na harbi da ake bugawa mutum huɗu a ƙungiya, ba zan kira sunansa ko kamfaninsa ba, kuma ba ya cikin waɗanda zan ambata nan gaba. Na ga bidiyonsa na ruɗe, na sayi faifai biyu na kuma sayi katin dala na biya kuɗin ƙare-ƙaren da suka yi alkawari na shekara guda tun kafin su fito, sabon gari, sabbin makamai, sabon labari. A lissafina yaran unguwa za su haɗa ƙungiya su riƙa kama awa biyu uku, ni kuma in huta da rigimar wanda aka ci shi zai biya. Watan farko kam an yi, har wani ɗan jami'a ke zuwa da abokansa bayan isha'i su zauna har sai na ce musu zan rufe. Daga nan ofdet ya fara jinkiri. Abin da aka ce zai zo wata mai zuwa ya koma nan ba da jimawa ba. Sai na lura in suka danna neman abokan wasa, da minti ɗaya bai cika ba an haɗa su, yanzu sai su yi minti goma suna kallon wani zobe na juyawa a talabijin, janareta na shan mai, ni kuma ba zan iya cajin mutum kuɗin kallon zobe ba. Ɗan jami'ar nan ya ajiye pad ya ce Oga gari ya watse fa, ba kowa a ciki. Bayan 'yan watanni kamfanin ya fito da doguwar wasiƙa mai cike da godiya, in ka ga kamfanin gem ya fara godiya da yawa toh ka fara shirin zaman makoki.

Daga nan na fara bibiyar abin sosai, na gane ba ni kaɗai ba ne kuma ba ƙananan kamfanoni kaɗai ke yi ba. Anthem na EA ya fito a Fabrairun 2019 da tallan da ya cika duniya, ya zo da matsaloli, suka ce za su sake gina shi daga tushe, a Fabrairun 2021 suka ce sun fasa, daga baya kuma suka sa ranar 12 ga Janairun 2026 ta kashe sabar, wato injinan kamfani da gem ɗin onlayin ke gudana a kansu, gaba ɗaya. Na Sony ma ya fi ban mamaki, Concord, ya fito 23 ga Agustan 2024, ranar 6 ga Satumba aka kashe shi. Sati biyu. Sun dai mayar wa mutane kuɗinsu, sannan aka rufe situdiyon da ya yi shi. Apex Legends na waya shekara ɗaya bai cika ba aka rufe shi a Mayun 2023, kuma yana da masoya fa.

Amma wanda ya fi tsaya min a rai shi ne The Crew, gem ɗin tseren mota na Ubisoft na Faransa da ya fito a 2014. Shi ko kai kaɗai za ka buga, ba ka neman kowa, sai ya haɗu da sabarsu kafin ya buɗe. A Disambar 2023 suka daina sayar da shi, ƙarshen Maris ɗin 2024 suka kashe sabar, shikenan duk mai faifan a duniya ya koma riƙe da madubi. Ba wai an daina ƙara masa sababbin motoci ba, aa, motar da ke ciki tun ranar da ka saya ma ba za ka sake tuƙa ta ba. Wannan ne ya sa wani Ba'amurke mai tashar YouTube, Ross Scott, ya fara gangamin Stop Killing Games, wato a daina kashe gem, kuma a 2025 takardar kokensu a Tarayyar Turai ta haura sa hannu miliyan ɗaya. Abin da suke nema ba wai a tilasta wa kamfani ya riƙe saba har abada ba, cewa suke in za ka tafi ka bar wa mutane abin a yanayin da zai iya tashi ba tare da kai ba. Ubisoft ɗin ma da surutu ya yi yawa sun yi alkawarin sa wa The Crew 2 da Motorfest hanyar bugawa ba intanet. Jihar Kalifoniya kuma ta yi doka a 2024 cewa dole kantin intanet ya gaya maka lasisi kake saya ba kayan kansa ba. Ni da na ji wannan dariya na yi, ashe su ma sun san haya muke yi, suna dai rubuta mana saya ne a maɓallin.

To me ke sa wani ya daɗe wani ya mutu? Ni a ɗan sanina ba kyaun gem ba ne, wa ke biyan kuɗin wutar sabar shi ne magana. Gem ɗin onlayin kamar shagona ne, kullum akwai kashe kuɗi ko an yi ciniki ko ba a yi ba, akwai injina da ke kunne dare da rana, akwai ma'aikata masu gyara da masu kama 'yan maguɗi, kuɗin faifan da ka biya sau ɗaya tuni aka cinye shi. Dubi GTA Online, tun Oktoban 2013 yake, ya taso daga PS3 ya bi PS4 ya shigo PS5 kuma ana ta ƙara masa abubuwa kyauta, har tsibiri guda suka ƙara a ƙarshen 2020, saboda mutane na sayen kuɗin cikin gem da kuɗin gaske ba ƙaƙƙautawa. Kamfani ɗaya ne fa, Rockstar, ke da Red Dead Online, wanda a idona ya fi kyaun gani nesa ba kusa ba, amma a Yulin 2022 suka ce ba sauran manyan ƙare-ƙare a kansa, sun kwashe ma'aikata zuwa sabon GTA. Uwa ɗaya uba ɗaya amma wanda ke kawo cefane shi ake yi wa ɗinkin sallah. Kuma ko GTA ɗin, masu PS3 an yanke musu onlayin a Disambar 2021, wato ko gem bai mutu ba injinka na iya tsufa a bar ka a tasha.

Akwai masu ba da mamaki kam, kar in yi musu rashin adalci. No Man's Sky ya fito a 2016 aka yi masa ruwan zagi saboda alkawuran da ba a gani ba, ƙaramin kamfani ne a Ingila, suka yi shiru suka duƙufa, shekara da shekaru suna sakin ƙari kyauta har masu zagin suka dawo suna yabo. Amma irin wannan ɗaya ne a cikin taro, ba zan ɗora kuɗin hayar shagona a kan sa'a irin tasa ba.

Wani abin da yaran nan ba sa ganewa shi ne gem na iya ci gaba amma kayanka su mutu. Warzone na farko ya fito a Maris ɗin 2020, mutane suka zuba kuɗi a sikin da bindigogi, da na biyu ya zo a ƙarshen 2022 kayan ba su bi su ba, a Satumbar 2023 kuma aka rufe tsohon. Sunan na nan, kamfanin na nan, kayan ne babu. Masu haɗa katin 'yan wasa a Ultimate Team na gem ɗin ƙwallon FIFA su kam duk shekara ake musu haka kuma sun sani, ka kwana kana haɗa tawaga, sabon ya fito ka koma sifili. Ni dai na hana yaron shagona saka ko sisi a akawun ɗin shago don irin wannan, wanda ke so ya shiga da nasa.

Yanzu kafin in sa kuɗi a gem ɗin onlayin abin da nake fara yi shi ne in zare wayar intanet in ga me zai rage. In ya buɗe mutum biyu za su iya zama su kara a talabijin ɗaya toh ko kamfanin ya rushe gobe ina da abin sayarwa. In ya nuna min ba haɗi ya tsaya a nan, sai in ɗauke shi a matsayin tumatir, a ci da wuri. Sannan ina leƙa adadin masu bugawa a Steam, kantin gem na kwamfuta, tunda nasu a fili yake, duk da ba kwamfuta nake amfani da ita ba yana nuna inda iska ta dosa. Ina kuma kallon irin ofdet ɗin da ke zuwa, in wata uku ba sabon fili ba sabon yanayin wasa sai riguna da hula kawai, an fara kwashe kaya kenan ana tatsar abin da ya rage. Haka in gem bai yi wata biyu da fitowa ba ka ga an zabge rabin kuɗinsa, ko ka ji an sallami ma'aikata a situdiyon. Mu nan ma da wani ƙarin ciwon, yawanci sabar Turai muke faɗawa, dama can harbinka na isa a makare, in mutane suka ragu sai a jefa ka wata sabar da ta fi nisa, an kashe ka kafin ka ga wanda ya harbe ka. Don haka gem na mutuwa a wurinmu tun kafin ya mutu a Jamus.

Gaskiyar magana kuma abin da ke ciyar da gidana ba onlayin ba ne, ƙwallo ce, mutum biyu benci ɗaya da 'yan kallo goma a bayansu kowa koci. Da Konami suka sauya PES ya koma eFootball a ƙarshen Satumbar 2021, ya fito da 'yan ƙungiyoyi kaɗan da fuskokin 'yan wasa masu ban tsoro har kamfanin ya ba da haƙuri, mu ko gezau, muka ci gaba da PES 2021 ɗinmu, masu haɗa fayil suna sabunta mana riguna da cinikin 'yan wasa muna sawa da filash. Da EA suka rabu da sunan FIFA ya koma FC 24 a 2023, har yau ba yaron da ya taɓa shigowa ya ce min Oga sa mana FC, FIFA suke cewa. Mortal Kombat ma haka, a daina yi masa ƙari ko kar a daina, biyu za su zauna su fasa wa juna baki su biya su tafi.

Ana ta tambayata ko GTA 6 in ya zo za a bar tsohon onlayin ɗin. Ni abin da na gani da Red Dead ya ishe ni in daina zuba sabon kuɗi a tsohon, amma zan ci gaba da kunna shi muddin ana shigowa ana nema.

Yaron jiya da ya gama wasansa, an ci shi uku da nema, ya dawo ya ce toh Oga me ka yanke. Na karɓi wayar na duba, gem ɗin nasa akwai jama'a, ana haɗa wasa cikin daƙiƙoƙi, sabon zango ma bai daɗe da farawa ba. Na ce wannan da sauransa, in ka matsu sayi na ƙaramin kuɗi, ragowar ka kai wa Umma ta ajiye maka. Ya ce Oga ai na ƙaramin ba ya walƙiya. Na buɗe durowa na ciro masa ɗaya daga cikin faifan nan biyu, ɗayan yaron shago ya daɗe da mayar da shi abin ɗora kofin shayi, na ce ungo wannan ma yana walƙiya, kyauta na ba ka. Ya juya shi a hasken kwan fitila ya ce wane gem ne wannan, bai taɓa jin sunansa ba.