Ashe ba taifot ba ne

Shekara 6 ke nan ina zaune gaban kwamfuta a wani ɗan shago nan Tudun Wada, Gusau, taifin da firintin da cike fom na intanet. Wanda ya san sana'ar nan ya san lokacin da ɗalibai ke rububin gama furojek, ba dare ba rana, mutum zai dire maka shafi 70 na rubutun hannu kamar tonon kaza ya ce gobe da safe malaminshi ke son gani, kai kuma ka hango kuɗi ka ce ba matsala.

To a irin lokacin nan ne bara, cikin Afrilu, zafin nan namu da ke haura digiri 40, na fara jin idona kamar an watsa mani yashi. Da la'asar sai kai ya ɗauka, daga ƙeya ya zagayo goshi, in na ɗago na dubi titi sai in ga 'yan kabu-kabu dishi-dishi kafin ido ya washe. Abin da kowa ke yi shi na yi, na faɗa kemis anka ce taifot da maleriya ne, na kwashi magani kwana 5, shiru kake ji. Inna ta ce "kai dai ka riƙa sa tozali, mu da shi munka tashi." Wani abokina kuma ya rantse shuɗin hasken sikirin ne, ya ja ni kasuwa na zube dubu 8 na sayi tabarau wai mai tare hasken. Na dai yi kyau a hoto.

Sai da uwargida ta gaji ta ce "Maigida, don Allah ka je a duba idon nan mu huta," sannan na je asibiti. Likitan ya gama haske-haskenshi ya ce ido lafiya lau, sai ya tambaye ni sau nawa nake ƙiftawa in ina aiki. Dariya ta kama ni, wa ke ƙirga ƙifta ido? Ashe nan gizo ke saƙa. Mutum in yana zaune haka nan yana ƙiftawa kamar sau 15 a minti ɗaya, amma da ya ƙura wa sikirin ido sai abin ya koma sau 5 zuwa 7, kuma ƙiftawar nan ita ke shafe ƙwayar ido da ɗan ruwan hawaye, in babu sai ta bushe. Ga ni kuma na saita fanka tana hura mani fuska tun safe, ga ƙurar titi, ni da hannuna nake shanya idona kamar kilishi. Ciwon kan kuma ya ce akwai wata 'yar tsoka cikin ido da ke ɗaurewa duk lokacin da kake kallon abu na kusa, ba ta saki sai ka dubi nesa, ni ko sai in yi awa 3 ban dubi abin da ya wuce tsawon hannuna ba.

Na yi mai maganar tozali, ya ce in bari, wani yana da dalma a ciki. Ban ja ba, mu Zamfarawa tun da gubar dalma ta kashe yara a Anka da Bukkuyum a 2010 ba sai an yi muna bayanin dalma ba. Tabarau ko, daga baya na gano ƙungiyar likitocin ido ta Amurka ma ba ta ce a saye shi ba. Dubu takwas ɗina!

Wanda ya fi tsaya mani a rai shi ne na wuya. Wani likitan ƙashin baya a Amurka, Kenneth Hansraj, ya yi lissafi a 2014 cewa kan babban mutum kusan kilo 5 ne in yana tsaye daidai, amma in ka sunkuyar da shi sosai yadda muke yi kan waya, digiri 60, nauyin da wuya ke ɗauka ya kai kilo 27. Wato ya fi jarka mai lita 25 cike da ruwa. Ko ɗan garuwa a kura yake turo ta, ni ina yini da ita a ƙeya kan benci marar majingina, ina kuma mamakin mi ya sa kafaɗa ke mani zogi da dare.

Gyaran da na yi bai taka kara ya karya ba. Na ɗora laftof kan rim 3 na takarda har saman sikirin ya zo daidai idona, na jona kibod daban, na juya fanka tana bugun bango, na samu kujera mai baya, sai maganin ɗigawa da likita ya rubuta. Ya kuma ba ni dokar 20-20-20, duk minti 20 ka dubi abu mai nisan ƙafa 20, kamar mita 6, na daƙiƙa 20. Akwai dogon yaro a tsallaken titi, shi nake kallo. Gaskiya ba kullum nake kiyayewa ba, kwastoma na tsaye kanka yana duba agogo ina za ka ce mai dakata in kalli icce? Abin da ke cetona kiran salla ne, in tashi in yi alwala in taka zuwa masallaci, sai kuma 'yan NEPA, da can in sunka ɗauke wuta tsaki nake, yanzu kafin a tada janareta na miƙe na yi miƙa.

Inda har yau na kasa shi ne dare. In rufe shago ido ya gaji, in kwanta kuma in jawo waya wai in huta, TikTok har ƙarfe 1, alhali na san hasken nan yana jinkirta sinadarin da ke kawo barci. Ga ɗiyata 'yar shekara 3 ta iya neman katun da kanta, Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2019 ta ce irinsu kar su wuce awa 1 a rana, to da wane baki zan ce ta ajiye ni ina riƙe da tawa?

Shekaranjiya yaron shagona ya zo yana murza ido, ya ce "Oga, bari in leƙa kemis, ina jin taifot ne." Na ce ya fara fita ƙofa ya kalli dogon yaron can ya ƙirga 20. Ya tsaya yana kallona ni.