Lasisin manhajar taswira: yadda muka saya a ofishinmu da abin da ya biyo baya

Ni ma'aikaci ne a sashen ayyuka na ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin da birnin Gombe ya bazu a cikinsu, kuma teburina ne ake kawo wa duk maganar da ta shafi titi, magudanar ruwa ko lambar gida. A farkon shekarar 2023 aka ɗora mini rubuta buƙatar sayen manhajar taswira domin ma'aikatanmu, na kuma bi fayil ɗin tun daga teburin shugaban sashe har ranar da aka biya kuɗi. Kurakuran da aka yi a wannan aiki suna da dama, amma mafi girmansu daga alƙalamina ya fito.

Buƙatar kanta ba ta da shakka. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi sanya wa tituna suna da ba gidaje lamba, da kula da kasuwanni da tashoshin mota, da kwashe shara, da gyaran ƙananan hanyoyi da magudanai, da tantance gidaje domin karɓar haraji. Takardar mallakar fili a cikin birni ba hurumin mu ba ce, tunda Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sanya wannan a hannun gwamna, amma sauran ayyukan nan babu wanda zai yiwu yadda ya kamata ba tare da taswira ba. Tun da Gombe ta zama hedikwatar jiha a 1996 gari yake ta cin gonaki, mu kuwa abin da muke da shi takardu ne a naɗe a cikin kabad ɗin ƙarfe, wasu har da tambarin jihar Bauchi a jikinsu. Idan damina ta zo zaizayar ƙasa ta ci gefen wata hanya, sai mai unguwa ya zo ya kwatanta mana wurin da baki, mu rubuta "bayan masallaci, kusa da kwalbati", alhali unguwar tana da masallatai fiye da goma.

Da na zauna rubuta buƙatar, sai na ɗauko jerin sunayen ma'aikatan sashe, na ƙirga duk wanda aikinsa ya taɓa shafar fili ko hanya, na samu mutum 12, na rubuta lasisi 12. A lokacin na ɗauka adalci na yi, domin a ofishin gwamnati idan aka sayo abu aka tsallake wani, maganar ba ta mutuwa da wuri. Ban tsaya na tambayi kaina me kowane ɗaya daga cikinsu zai yi da manhajar ba, ban kuma fahimci cewa kalmar lasisi tana ɗauke da ma'anoni daban-daban a wannan kasuwa ba.

Akwai lasisin da ake ɗaure wa kwamfuta guda, duk wanda ya zauna a gabanta ya yi aiki. Akwai wanda ake ɗaure wa mutum guda da sunansa da kalmar sirrinsa, ya shiga daga kowace na'ura, amma ƙa'ida ba ta yarda ya ara wa abokin aikinsa ba. Akwai kuma na karɓa-karɓa, inda ofis yake da kujeru kaɗan, wanda ya riga shiga ya yi aiki, idan ya fita wani ya hau. Bayan wannan rabo akwai wani da ya fi shi muhimmanci, wato bambanci tsakanin lasisin dindindin, wanda ake biya sau ɗaya sannan a riƙa biyan kuɗin sabuntawa idan ana so, da na shekara-shekara, wanda yake daina aiki ranar da wa'adinsa ya cika. Manyan kamfanonin manhaja da yawa sun karkata zuwa na shekara-shekara mai ɗaure da sunan mutum, kuma shi aka kawo mana a takardar farashi. Na karanta takardar, na ga an rubuta wata 12, na ɗauka wa'adin garanti ne irin na janareta.

Mun duba manhajoji irin su ArcGIS na kamfanin Esri da ke Amurka da MapInfo da Global Mapper. Ba zan ambaci wadda muka zaɓa ba, domin ta yi duk abin da aka ce tana yi, kuma babu laifinta a cikin abin da ya same mu. Wani matashi ɗan bautar ƙasa da aka turo mana, wanda ya karanta ilimin taswira a jami'a, ya ambaci QGIS, manhajar da aka fara a 2002 kuma kowa yake iya saukewa kyauta ya sa a kwamfuta ko nawa yake so. Shugaban sashe ya saurare shi, sannan ya ce abin da babu rasit ɗinsa babu wanda za a kama idan ya lalace. Ni ma na gyaɗa kai, kuma har yau ina ganin maganar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai ba ta isa ta sa a ƙi gwada abu ba.

Mun karɓi takardun farashi daga dillalai 3 a watan Afrilu, kowace da wa'adin kwana 30. Fayil ya shiga zagayensa, daga shugaban sashe zuwa ma'aji, zuwa mai binciken kuɗi na cikin gida, zuwa kwamitin ba da kwangila, kuma lokacin ya zo daidai da hidimar rantsar da gwamnati a ƙarshen Mayu, wadda takan tsayar da takardu da yawa. Ana cikin haka, a tsakiyar watan Yuni Babban Bankin Najeriya ya saki farashin naira, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura 700 cikin 'yan kwanaki. Dillalin da ya ci kwangilar ya zo da kansa ya yi mana bayani cikin ladabi cewa shi da dala yake biyan kamfanin, tsohon farashi ya mutu. Kuɗin da aka ware a kasafi ba ya ƙaruwa don dala ta tashi, ga kuma harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100 da na manta ban sa a lissafin farko ba. Lasisi 12 suka koma 7, kuma zaɓen mutum 5 da za a cire ya fi duk aikin wahala. Da girman muƙami aka yi zaɓen, wanda ya sa ɗan bautar ƙasan nan, wanda ya fi mu duka iya aikin, bai samu ba.

Ranar da aka ce kaya sun iso, abin da ya iso saƙon imel ne mai ɗauke da mahaɗi da wasu lambobi. Na buga shi a takarda na kai wa mai kula da sito, dattijo ne da ya kusa ritaya, domin ya rubuta shaidar karɓar kaya wadda sai da ita ma'aji zai saki kuɗi. Ya juya takardar gaba da baya, ya cire tabarau, ya ce: "Malam, ina kayan?" Na ce su ke nan a hannunsa. Ya ce: "Ni shekara talatin ina karɓar kaya a sito ɗin nan, ban taɓa sa hannu a kan abin da ban ƙirga ba. Gobe odita ya zo ya ce in nuna masa, takarda zan nuna masa?" Na ce: "Baba, to zo ka gani da idonka." Sai da muka kunna kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya, ya ga sunan kowane ma'aikaci ya bayyana a saman allo, ya rubuta lambar kowace na'ura a littafinsa, sannan ya sa hannu. A lokacin na ji haushin jinkirin, amma littafin nan nasa shi ne kaɗai cikakken bayanin wa ke riƙe da me da muka samu daga baya.

A wannan zagayen ne ma muka gano cewa kwamfutoci 3 daga cikin 7 ba za su iya ɗaukar manhajar ba. Tana buɗewa, amma da an ɗora mata hoton tauraron ɗan'adam sai ta tsaya cik, saboda ƙwaƙwalwar na'urorin ta yi kaɗan. Kamfanin ya wallafa irin kwamfutar da ake buƙata a shafinsa, ni ne ban duba ba. Kuɗin data da man janareta ma babu su a cikin buƙatar da na rubuta.

Abin da ya fi koya mini aikin taswira kansa ya faru ne a mako na uku. Mun ɗauko lambobin awo daga wata tsohuwar takardar safiyo ta filin kasuwa, muka shigar da su, muka ɗora a kan hoton tauraron ɗan'adam, sai ga iyakar kasuwar ta faɗa cikin tsakar gidajen mutane. Har wani daga cikinmu ya fara cewa an cinye filin hukuma. Allah Ya sa muka nemi wani tsohon safiyo kafin maganar ta fita waje. Ya dubi allon ya yi murmushi, ya tambaye mu da wane ma'auni, wato tushen da ake lissafa matsayin wuri daga gare shi, muka shigar da lambobin. Tsofaffin awon Najeriya an yi su ne a kan ma'aunin Minna, wanda tushensa wata alama ce da ke Minna, alhali na'urar GPS da hotunan intanet suna aiki da ma'aunin duniya da ake kira WGS 84, kuma tazarar da ke tsakanin biyun takan kai mita gommai a ƙasa. Ya ƙara da cewa a duba ko takardar ta bi tsarin shiyyoyi uku na Najeriya, inda Gombe take a shiyyar gabas, ko kuwa ta bi tsarin shiyyoyin duniya na UTM, inda take a shiyya ta 32. Da aka gyara wannan, iyakar ta koma ta zauna a kan katangar kasuwa. Manhajar tana da wurin zaɓen ma'auni tun farko, horon kwana 2 da dillali ya ba mu ne bai kai nan ba, domin ya ƙare a kan yadda ake buɗe fayil da canza launi. Na sha tunanin abin da zai faru da mun kai wa hakimi waccan taswirar ta farko.

Wata ƙaramar matsala kuma ta Hausa ce. Mun fara ajiye sunayen tituna a tsohon tsarin fayil da ake kira shapefile, sai muka ga haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, suna komawa alamar tambaya idan an buɗe a wata kwamfutar, kuma sunan kowane rukunin bayani a jadawalin ba ya wuce harafi 10. Da muka koma sabon tsarin fayil da ake kira GeoPackage wannan ya kau, kuma fayil ɗin yana buɗewa a manhajar da muka saya da kuma QGIS.

Bayan wata 6 na duba bayanan shiga, na tarar mutum 2 ne kawai suke amfani da lasisinsu a kai a kai, na uku yana shiga jefi-jefi, sauran 4 kuwa tun ranar horo ba su sake buɗewa ba. Ba lalaci ba ne. Shugaban sashe taswira yake so a buga masa ya shiga taro da ita, jami'in haraji so yake ya ga lambar gida da sunan titi a wayarsa, masu fita unguwa kuma abin da suke buƙata shi ne su tsaya a bakin kwalbati su ɗauki hoto da wurin da yake. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake buƙatar cikakken lasisin mai zana taswira.

Sai wa'adi ya cika a tsakiyar 2024, lokacin dala ta riga ta taɓa haura naira 1,500 tun watan Fabrairu. Babu kuɗin sabuntawa a kasafin shekarar, domin a takarda an rubuta sayen a matsayin babban aiki na sau ɗaya, kamar sayen mota. Saƙonnin gargaɗin da kamfanin ya riƙa aikowa ba su iso gare mu ba, saboda ranar da aka buɗe asusun ofis ɗan bautar ƙasan ne ya taimaka, ya sa imel ɗinsa na kansa, ya kuma gama hidimarsa ya koma garinsu. Wata safiyar Litinin manhajar ta ƙi buɗewa. Mun samu ɗan bautar ƙasan a waya, ya yi mana kirki ya miƙa asusun, amma sai da aka yi wasiƙa da hatimin hukuma kafin a mayar da shi sunan ofis. Abin da ya cece mu shi ne bayanan tituna da magudanai suna kan kwamfutarmu a GeoPackage. Taswirori 2 da muka ajiye a rumbun kamfanin na intanet kaɗai sai da aka sabunta muka sake ganinsu.

A buƙata ta biyu da na rubuta, ban fara da jerin sunaye ba. Na bi tebur-tebur na tambayi kowa abin da ya yi da taswira a watan da ya wuce, na rubuta amsar kamar yadda ya faɗa. Daga nan muka sabunta lasisi 2 kacal ga masu zane da nazari, muka sa QGIS a sauran kwamfutocin, masu fita unguwa kuma suka koma cike fom a waya da manhajar KoboToolbox, wadda take aiki ko babu intanet har sai an dawo ofis a tura. Kuɗin da ya rage muka sayi ƙarin ƙwaƙwalwa ga kwamfutoci 3 ɗin nan, muka kuma ɗauki tsohon safiyon ya zauna da mu yini 5 a kan ma'auni da awo kaɗai. Na roƙi ma'aji ya mayar da kuɗin lasisi cikin kuɗin gudanarwa na kowace shekara, ya ce sai an kawo masa a rubuce kafin a fara haɗa kasafi, na kai masa washegari. A wasiƙar kwangila kuma an rubuta ranar farawa da ranar ƙarewa, da cewa asusun na hukuma ne, da imel ɗin ofis, kalmar sirrinsa tana cikin ambulan a rufe a wurin shugaban sashe.

Mai kula da siton ya yi ritaya a bara. Kafin ya tafi ya buɗe sabon shafi a littafinsa ya rubuta masa kai da hannunsa, "kayan da ba a gani", ya jera lasisin 2 da sunayen masu riƙe da su da ranar da za su ƙare. Wanda ya gaje shi ya ci gaba da shafin, kuma shi ne ya leƙo ofishina wata 3 kafin wa'adin bana ya ce in fara rubuta takarda.