Tokar buntun shinkafa da abin da ke ƙarƙashin kwalta

A watan jiya na kai ziyara wata jami'a domin in duba ɗan ƙanwata, wanda yake gab da kammala digiri na biyu a fannin injiniyan gine-gine da hanyoyi. Na same shi a ɗakin gwaje-gwaje ya naɗe hannun riga, yana tsamo wasu dunƙulen kankare daga cikin tankin ruwa, kowane ɗaya tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa milimita 150, an kuma rubuta masa kwanan wata a gefe. Bayan mun gaisa sai ya ce mini, "Kawu, ka zo a kan gaɓa, yau kwanansu 28, yau za mu san gaskiyarsu." Ya ɗora na farko a cikin injin matsa, muka tsaya muna kallon allurar ma'auni tana hawa a hankali, har sai da gefen dunƙulen ya fara zubar da gari, sannan ya tsage da wata ƙara mai kauri. Ya rubuta adadin a littafinsa, ya share wurin, ya ɗauko na biyu.

Abin da ya bambanta waɗannan dunƙule da kankaren da muka saba shi ne an rage musu wani kaso na siminti, an cike gurbinsa da tokar buntun shinkafa. Duk wanda ya taɓa wucewa ta bayan injinan casar shinkafa a Kano ko Kebbi ko Jigawa ya san tsibin buntun da ake tarawa, wani lokaci a cinna masa wuta ya yi kwanaki yana hayaƙi. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin shinkafar da ba a casa ba buntu ne, kuma idan aka ƙona shi da tsari, a zafin da bai wuce maki 700 na ma'aunin Celsius ba, tokar da ke ragewa mafi yawanta sinadarin silika ne mai saurin haɗuwa da wani abu. Siminti kuwa, yayin da yake kamawa da ruwa, yakan saki wani nau'in farar ƙasa wadda ba ta ƙara wa gini ƙarfi sosai. Silikar tokar ita ce ke haɗuwa da wannan farar ƙasa ta mai da ita abin ɗauri, ta kuma toshe ƙananan ƙofofin da ruwa ke bi ya shiga jikin kankare. Sai dai idan wuta ta yi yawa, silikar takan daskare ta zama kamar yashi, amfaninta ya ragu ƙwarai, shi ya sa tokar da aka kwaso daga juji ba ta zama daidai da wadda aka ƙona a tanderu mai ma'auni.

Irin wannan bincike ya daɗe a jami'o'inmu. A Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wadda aka kafa a 1962, Farfesa Kolawole Osinubi da ɗalibansa sun shafe shekaru masu yawa suna nazarin yadda za a ƙarfafa jar ƙasa da baƙar laka ta hanyar gauraya su da siminti ko farar ƙasa tare da tokar abubuwan da ake zubarwa, kamar tukar rake da ke ragewa bayan an matse ruwansa. Baƙar lakar nan, wadda ta mamaye sassan Borno da Gombe da Adamawa, ita ce babbar abokiyar gabar mai gina hanya, domin da damina takan sha ruwa ta kumbura, da rani kuma ta bushe ta tsattsage har mutum ya iya zura hannu a cikin tsagar. Kwaltar da aka shimfiɗa a kanta ba tare da an gyara ƙasan ba, damina biyu ko uku sun isa su mai da ita tudu da kwari. Akwai gwajin da ake kira CBR, inda ake cusa ƙasa a cikin gwangwanin ƙarfe, a daddanne ta, a jiƙa ta kwana huɗu, sannan a auna ƙarfin da ake buƙata kafin a nutsa sandar ƙarfe a cikinta. Ni a ganina wannan ɗan gwangwani ya fi kowane jawabin buɗe hanya faɗin gaskiya game da shekarun da hanyar za ta yi.

Muna cikin hira sai wuta ta ɗauke, na ga fuskar yaron ta canja. Ashe akwai samfurin ƙasa da ya saka a tanderun busarwa tun daren jiya, wanda ƙa'ida ita ce ya zauna a zafin maki 105 zuwa 110 har sai nauyinsa ya daina raguwa, kuma janareton sashen babu mai. A nan na fahimci cewa bangon da ke tsakanin sashen gine-gine da sashen lantarki a takarda kawai yake. Tashar Kainji da aka kammala a 1968 mai ƙarfin megawat 760, da ta Shiroro ta 1990 mai megawat 600, da sabuwar tashar Zungeru mai megawat 700, dukkansu suna zuba wutarsu ne a cikin layin ƙasa guda, wanda dole ne bugunsa ya tsaya a kusa da 50 a kowace daƙiƙa. Da zarar abin da ake ja ya zarce abin da ake samarwa, bugun yakan faɗi, tashoshi su riƙa kashe kansu ɗaya bayan ɗaya domin kare injinansu, wanda shi ne abin da muke ji a rediyo ana cewa babban layin wuta ya durƙushe. A watan Oktoba na 2024 mun ga illar dogaro da layuka kaɗan, lokacin da lalacewar layin Shiroro zuwa Kaduna da matsalar da ta biyo baya a layin da ke bi ta Binuwai suka bar mafi yawan jihohin Arewa cikin duhu fiye da mako guda.

Masu binciken lantarki suna da amsoshi a hannu, kuma wasu an gwada su. A 2019 aka ƙaddamar da tashar hasken rana mai megawat 7.1 a Jami'ar Bayero da ke Kano, Dokar Lantarki ta 2023 kuma ta ba jihohi damar tsara kasuwar wutarsu. Tambayoyin da suka rage namu ne na gida: nawa ƙurar hunturu ke rage wa farantin sola, sau nawa ya kamata a wanke shi a garin da ruwa ke da tsada, kuma yaya batir ke jure zafin watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri. A nan ne masu kwamfuta ke shigowa, domin su ne ke iya ɗaukar ma'aunin rana da ƙura da amfani da wuta na shekara guda su gina lissafin da zai faɗi abin da za a buƙata gobe. Su ne kuma za su iya tattara sakamakon gwajin ƙasa na dubban kundayen digiri su zuba shi a taswira ɗaya, ta yadda injiniyan da zai ja hanya daga wani ƙauye zuwa kasuwa zai san irin ƙasar da zai tarar tun kafin ya kai katafila.

Batun sufuri shi ma a kan ƙasar nan yake komawa. Wani babban gwaji da aka yi a jihar Ilinoi ta Amurka tsakanin 1958 da 1960 ya nuna cewa idan aka ninka nauyin da ke kan ƙarfen da ke riƙe da tayoyin mota sau biyu, ɓarnar da take yi wa hanya takan ninka kusan sau goma sha shida. Saboda haka tirela ɗaya da aka yi wa lodin wuce ƙa'ida ta fi dubban ƙananan motoci cin kwalta. Layin dogo ya iso Kano tun 1911, amma yau siminti da taki da man fetur da hatsi kusan duk a bayan tirela suke tafiya. Layin Abuja zuwa Kaduna mai tsawon kilomita 186 da aka buɗe a 2016 ya fi ɗaukar fasinja. Cibiyar Fasahar Sufuri ta Ƙasa da ke Zariya, wadda aka kafa a 1986, tana maƙwabtaka da injiniyoyin jami'a, kuma ina ganin babu aikin da ya fi cancantar su haɗa hannu a kansa kamar auna ainihin nauyin manyan motocin da ke bin hanyoyinmu, domin a riƙa zana kaurin hanya bisa abin da ke hawanta a zahiri.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ɗakin da muka bi ta cikinsa a hanyar fita, inda kundayen digiri masu baƙin bango suke jere daga ƙasa har rufi, ƙura ta lulluɓe su. Na zaro uku, biyu daga ciki a kan toka da jar ƙasa suke, tsakaninsu shekara goma sha ɗaya, kuma sakamakonsu kusan iri ɗaya ne. Ɗan kwangila ba shi da ikon zuba toka a aikin gwamnati matuƙar ba ta shiga kundin ƙa'idojin aiki ba, ba kuwa za ta shiga ba sai an gwada ta a hanya ta gaske wadda motoci suka bi damina bayan damina. Muna da Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi tun 1978, muna da asusun TETFund mai tallafa wa bincike, kuma duk shekara jihohi suna gina hanyoyin karkara. Abin da nake fata shi ne wata jiha ta ware kilomita ɗaya tak daga cikin hanyar da za ta gina, ta miƙa wa jami'ar da ke kusa, a yi rabi da tsohuwar dabara rabi da gaurayen toka, a riƙa aunawa shekara biyar ana wallafa sakamakon kowa ya gani.

Na faɗa wa ɗan ƙanwata wannan tunani muna tsaye a bakin ƙofa. Ya ce, "Kawu, kafin kilomita ɗaya sai an sami tanderun da zai ƙona buntu tan-tan a zafi ɗaya, ni buhu biyu kawai na iya ƙonawa a mako guda." Ya ce ya riga ya yi magana da wani abokinsa na sashen injiniyan ƙere-ƙere, sun fara zanen tanderun bulo wanda zafinsa zai iya busar da shinkafar da aka turara a lokaci guda. Daga nan ya koma ciki domin ya sake auna samfurin ƙasar da wuta ta katse wa busarwa.