Taswirar Kansas da ƙananan rubutun da ke gindinta

Duk mai son aiki da tsofaffin taswirorin ƙauyukan noma da USGS, hukumar awon ƙasa ta Amurka, ta buga, don Allah kafin ka kalli komai ka fara sauke ido can ƙasa gefen takardar, wajen ƙananan rubutun nan da ba wanda ke karantawa. Har yanzu in na tuna raina ɓaci yake wallahi.

Ina binciken yadda garuruwan alkama na yammacin Kansas suka riƙa mutuwa ne, irin su Nicodemus da baƙaƙen fata suka kafa a 1877, layin dogo ya kauce musu ya bi ta Bogue, kasuwa ta bi jirgi ta bar su. Saukar da taswira a topoView, shafin intanet na USGS, kyauta ne, wannan ba matsala. Na samu wata mai shekarun 1940 a jiki, na zauna ina ƙirga makarantun karkara da hanyoyi da gidaje, na rubuta shafuka ina murna wai ga yadda yankin yake lokacin yaƙin duniya na biyu. Ashe sake bugawa kawai aka yi, ainihin awon tun shekarun 1890 ne! Kusan shekara hamsin tsakani, farin shekarun 1930 da guguwar ƙurar da ta kori manoma duk sun auku bayan awon, taswirar ba ta san da su ba. Malamina ya ɗora yatsa a kan layin bai ce uffan ba, da ma faɗa ya yi ya fi min sauƙi.

Sauran abubuwan da sauƙi. Filayen an yanka su murabba'i, mil ɗaya kowane gefe, eka 640, lambobin kuma daga arewa maso gabas suke farawa su tafi yamma su juyo kamar huɗar garma, kwana ɗaya ka saba. Taswirori masu sikelin 1:24,000 in ka ga launin shunayya, gyara ne daga hoton jirgin sama, ba wanda ya taka ƙafa ya duba. Haka in GPS ɗinka ya kauce da gomman mitoci kar ka zargi waya, tsofaffin taswirorin kan NAD27 suke, wani tsohon ma'aunin wuri da ya bambanta da na GPS.

Amma batun shekarar taswirar nan fa. Awo daban, gyara daban, bugu daban, uku ne, kuma wadda ido ke fara kamawa ba lallai ita ce taka ba. Babi guda na sake daga farko, ga kuɗin mai da na ƙona ina neman makarantar da ta zama gonar dawa tun kafin a haifi babana.