Fara'ar da ake yi wa baƙo daban take

Ƙannena da kuke dab da kammala jami'a, akwai wata wauta da na tafka a shekarar da na gama, kuma ina jin wasunku sun kama hanyar maimaita ta. Na gaji da babban birni, da cunkosonsa, da irin zaman da maƙwabcinka bai san sunanka ba. Sai na ƙudura cewa ƙaramin gari zan koma, inda mutane ke da sakin fuska. Na je wani gari na yi kwana uku. Mai masaukina ya raka ni har bakin titi, wani dattijo ya ajiye aikinsa ya nuna mini hanya, duk wanda na gaisar sai ya tsaya ya tambaye ni daga ina nake. Na dawo ina ta ba abokaina labari. Kafin wata ya cika na biya kuɗin hayar shekara guda.

Ashe duk wannan karamcin na baƙo ne. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, ba na musu, amma mai kwana uku ake yi wa ita da zuciya ɗaya, don an san zai tafi. Da na zama mazauni gaisuwar ba ta ragu ba ko kaɗan, sai dai ba ta taɓa wuce gaisuwa ba. Mutanen garin tare suka taso, ajinsu ɗaya tun firamare, sun auri 'yan uwan juna. Ba ƙina suke yi ba. Rayuwarsu ce ta riga ta cika, babu gurbin da ke jiran wani. Na yi wata bakwai ana yi mini murmushi a hanya ban shiga ɗakin kowa ba.

Jami'a ce ta ruɗe ni. Na ɗauka ni mutum ne mai saurin yin abokai, alhali tsarin makarantar ne yake yi mini aikin: aji ɗaya, ɗakin kwana ɗaya, layin rajista ɗaya, fuskoki iri ɗaya safe da yamma har shekara huɗu. Daga baya na ci karo da binciken Jeffrey Hall na Jami'ar Kansas a Amurka, wanda ya fito a 2018. Ya bi diddigin mutanen da ba su daɗe da sauya gari ba da kuma sababbin ɗalibai, ya gano cewa sai an yi kimanin awa 50 tare kafin sanayya ta zama abota ta sama-sama, kimanin awa 90 kafin a kira juna aboki, sama da awa 200 kafin a zama aminai. A makaranta awa 200 tana taruwa ba ka sani ba. A sabon gari kuwa, in sau ɗaya kake haɗuwa da mutum a mako na awa guda, ka yi lissafin da kanka: kusan shekara huɗu ke nan.

Saboda haka tambayar da ya kamata in yi wa garin ita ce: ina zan riƙa ganin mutane iri ɗaya a kai a kai ba tare da na nemi izinin kowa ba? Filin wasa da ake taruwa da yamma, ɗakin karatu, wurin ibada, ƙungiyar sa kai, ajin koyon sana'a, ko da wurin zama ne a bakin hanya da aka saba haɗuwa. Garin da ke da irin waɗannan, kuma ƙafa za ta kai ka, ya fi garin da kowa ke ɗaga maka hannu daga cikin mota.

Nan ma na ƙara wani kuskuren. Na kama gida a can bayan gari saboda ya fi araha kuma ya fi girma, ɗakuna biyu ni kaɗai, ban san me zan zuba a na biyun ba. Abin da na rage a haya ya tafi a kuɗin mota, kuma da duhu ya yi ba na marmarin fita. Da na sani da ɗaki ɗaya na kama a tsakiyar mutane.

In za ku je duba gari, kada ku je ranar hutu ko lokacin wani biki, lokacin kowane gari kyau yake yi. Ku je tsakiyar mako, a yanayin da ya fi tsanani a shekara, ku ga ko akwai mutane a waje bayan faɗuwar rana. Kuma kada ku tambayi haifaffen garin ko mutanensu na da kirki, amsar a bayyane take. Ku nemi wanda ya zo shekara biyu ko uku da suka wuce, ku tambaye shi su wa yake zama da su, a ina ya same su, kuma ranar da ya kwanta rashin lafiya wa ya leƙo shi. In duk abokansa baƙi ne irinsa, ba laifi ba ne, amma kun san inda za ku faɗa. Garin da ke da kwaleji ko babban asibiti yakan fi sauƙi, don kullum akwai sababbin zuwa masu neman abokin hira kamar ku.

Sai maganar aiki, wadda na ɗauka da wasa. Wuri ɗaya tak ne a garin ke ɗaukar masu irin karatuna. Da muka saɓa da shugabana, babu ƙofa ta biyu da zan ƙwanƙwasa, kuma kafin mako ya zagayo har mai gidan hayata ya ji labarin, ta bakin da ba nawa ba. Kusancin da ke sa a san ka shi ne ke sa a san sirrinka. Tun 1973 masanin zamantakewa Mark Granovetter ya nuna cewa mutane sun fi samun labarin aiki daga waɗanda suka sani sama-sama, ba daga aminansu ba, domin amininka abin da ka sani shi ya sani. A ƙaramin gari waɗannan sanayyar ta nesa ba su da yawa, kusan kowa labari ɗaya yake ji. Ku ƙirga wuraren da za su iya ɗaukar ku kafin ku ɗaure kaya, in ba su kai uku ba ku sake tunani. Ku kuma duba awa nawa ce tsakaninku da iyayenku, don ranar da za a kira ku cikin dare tana zuwa.

Ban gudu daga garin ba, kuɗin hayar da na biya ne ya riƙe ni. A wata na takwas na fara zuwa wani fili da wasu ke buga ƙwallo da yamma, ni da ban iya ba. Mako uku ina zaune a gefe ina tsinto musu ƙwallo in ta fita. Ranar da mai tsaron gidansu bai zo ba aka ce in shiga, aka zura mini biyar. Washegari ɗaya daga cikinsu ya biyo ta gidana ya ɗauke ni, yana ta yi mini tsiya har muka isa.