Godiya Ga Duk Wanda Ya Tsaya Mana A Rasuwar Baba

Assalamu alaikum.

A madadin Mama da ƙannena da sauran iyali, ina miƙa godiya ga duk wanda ya tsaya mana tun daga jinyar Baba har zuwa rasuwarsa. Waɗanda suka yi ta zirga-zirga asibiti, da waɗanda suka halarci jana'iza, da masu kiran waya daga nesa, Allah ya saka muku da alheri, ya bar zumunci.

Godiya ta musamman ga tsofaffin abokan aikinsa na gidan waya. Wasunku da sanda kuka dogaro kuka zo. A bakinku muka ji yadda ya fara da raba wasiƙu gida-gida a kan keke, ya koma ɗakin da ake rarrabe su, kafin ya zauna kanta yana sayar da kan sarki har ya yi ritaya. Kun ce idan wasiƙa ta zo adireshinta bai cika ba, wani zai buga mata hatimi a mayar wa wanda ya aiko, ya huta. Shi kuwa Baba sai ya ajiye ta gefe, ya yi ta cigiya har ya gano mai ita. Wasiƙa mai rajista kuma ko ɗan'uwanka na jini ba zai ba wa ba, sai kai ka zo ka sa hannu.

Akwai wata dattijuwa da ta zo ta'aziyya, ba mu santa ba. Ta ce lokacin da maigidanta ke aiki a nesa, Baba ke karanta mata wasiƙunsa don ba ta yi karatu ba, kuma ba ta taɓa jin kalma ɗaya daga ciki a bakin wani ba. Mama ma ranar ta fara jin labarin. Iya, mun gode ƙwarai. Yaran yanzu da ba su taɓa liƙa kan sarki a ambulan ba da wuya su gane nauyin wannan amana, lokacin da takardar samun aiki da sakamakon jarrabawa da labarin mutuwa duk a jakar ma'aikacin gidan waya suke zuwa.

A gida kuwa, bai taɓa kwanciya bai duba littattafanmu ba, kuma mummunan rubutu yake fara yi wa faɗa kafin lissafi. Duk 9 ga Oktoba sai ya tara jikoki ya tuna musu yau ce ranar gidan waya ta duniya, ranar da aka kafa ƙungiyar gidajen waya ta ƙasa da ƙasa a birnin Bern a 1874. Su yi ta dariya, shi ko a jikinsa.

Duk wanda ke bin Baba bashi, ko yake da wata ajiya a wurinsa, don Allah ya neme mu. Wanda ya saɓa wa kuma muna roƙon ya yafe masa. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, ya ba Mama haƙurin rashi. Amin.